Mutari Ya Tafi, Jajayen Soja Suna Nan Kan Tudu

Mutari ya rasu.

Da safen nan labarin ya iske ni, ina tsugune ina goge moto, babur ɗina, zan tafi sarwis, wurin aikina. Yayansa Habu ne ya kira daga ƙauyensu Dogo. Ya ce, "Lawali, sai haƙuri. Abokinka ya cika bayan asuba."

Na ce wane abokin? Kamar ina da goma irinsa.

Daga Allah muka zo, kuma wurinSa za mu koma.

Yanzu na dawo daga jana'iza, ko takalmi ban cire ba. Zan rubuta abin da ke raina, kuma tun yanzu ina gaya muku rabinsa faɗa ne. Wanda ya zo neman "ba shi da abokin faɗa" ya leƙa shafin wasu, tun hantsi suka rubuta. Yana da abokin faɗa. Ni ne.

Mutumin kirki ne, wannan ba gardama. Amma ban taɓa haɗuwa da mai taurin kai irinsa ba. Kuma shekara da shekaru akwai maganar da ya kamata in faɗa masa ban faɗa ba: ka yafe mini. Kalma uku. Sau nawa na tafi da su gidansa a bakina, na dawo da su.

A kan me? A kan wasan ordinater, wato kwamfuta.

E, ku yi dariya. Na san za a samu mai rubuta mini a ƙasa cewa magidanta da furfura ba su da aikin yi. Ka karanta zuwa ƙarshe tukuna, sannan ka rubuta.

Ga waɗanda ba su san shi ba: Mushe Mutari (haka muke kiran malamin boko a nan, daga Faransanci) malamin lakwal ne, makarantar yara, a nan Zinder, ɗan Dogo, ɗan manoma gaba da baya. Ni kuwa ɗan Birni ne, tsohuwar unguwar cikin gari, kakannina dukawa, ban taɓa riƙe hauya ba sai in zan miƙa wa wani. A lise, makarantar sakandare, muka haɗu, benci ɗaya.

Lokacin da na karye a ƙafa, wata biyu cur yana zuwa kowace safiya ya ɗauke ni a moto ya kai ni biro, ofishinmu, alhali lakwal ɗinsa tana can wani gefen gari. Tun daga ƙofar gida har mu isa yana mitar na yi nauyi, taya za ta fashe. Bai taɓa fashin rana ɗaya ba.

Duk kaka sai ya kawo wa matata Rabi gyaɗa a ƙullin tsumma. Ni ba ya ba ni, wai ba ni da haƙurin ɓarewa.

Da babana ya rasu, kwana uku yana tsaye a ƙofar gida yana zuba wa masu gaisuwa ruwa, har wasu suka ɗauka ɗan gidan ne.

To, ga yadda wasan ya shigo tsakaninmu.

Shekarar da damina ta yanke tun gero bai fid da kai ba, kun tuna ta, wadda ƙauyuka suka koma jiƙa anza, 'ya'yan itacen dajin nan masu ɗaci, don su samu na ci, ƙanena ya dawo daga Libiya da wata tsohuwar ordinater ya bar mini. A cikinta muka tarar da wasan yaƙi irin na zamanin da: dawakai, masu, baka da kibiya, garuruwa masu ganuwa. Kai ne sarkin yaƙi. Kana kallon fili daga sama, ka kama wannan rukuni da suri, ɗan ɓeran nan da ake latsawa, ka ce ya je nan, wancan ya tsaya can.

Kullum bayan la'asar sai Mutari ya zo zaurena, a ɗora shayi. Suri ɗaya ne, sai karɓa-karɓa. Dawakai nawa ne, dakaru da maharba nasa. Gari bayan gari muka yi ta ci, har na fara jin da an haife ni da wuri da Damagaram ta fi haka faɗi.

Sai muka zo tudun nan.

Jajaye muke ce musu, saboda tutarsu. Suna kan tudu, sun yi sahu. Masu mashi a gaba, sun kafa turaku masu tsini a gabansu. Maharba a bayansu. Sarkin yaƙinsu a tsakiya, kan farin doki. Hagunsu kogi, damansu kurmi.

Kuma ba sa zuwa.

Wannan shi ne abin da ya fi ƙona mini rai. Duk sojan da muka gamu da su a baya, da sun hango mu sai su taho a kara. Waɗannan ko gezau. Ka yi ta kai da kawowa a gindin tudu, suna kallonka kamar masu jiran a ta da sallah.

Rana ta farko na ce a bar ni da su. Na tara dawakaina duka na haura gaba da gaba. Kafin shayin farko ya nuna ba ni da doki ko ɗaya, duk sun soke a turaku. Mutari ya ɗaga hannu sama ya ce, "Allah ya ji ƙan dawakin Birni."

Shi ya gwada da dakaru. Kafin su kai rabin tudu kibiya ta cinye kashi ɗaya cikin uku, sauran suka isa a gajiye, ko takobi ba sa iya ɗagawa. Aka koro su kamar awaki.

Muka jawo majaujawa, manyan nan masu jifa da duwatsu. Daga ƙasa dutsen ba ya kai musu. In ka matsa da ita kusa, maharbansu su kashe masu jan ta.

Muka bi ta kurmi da rundunar duka don mu fito musu ta gefe. Sai kawai suka juya fuska suka jira mu. A nan Mutari ya ce, "Ka gani? Sai an riƙe su ta gaba da wasu, sannan a sare su ta gefe da wasu. In ba wanda ya riƙe su, juyawa kawai za su yi." Gaskiyarsa ce, amma masu riƙewar ba sa daɗewa a ƙarƙashin kibiya.

Muka gwada gudun ƙarya: ka tura 'yan dawakai kaɗan su tsokane su, su juya da gudu ko za a biyo su. Wasu suka biyo taku kaɗan, suka tuna da tudunsu, suka koma.

Wajen sati uku muna wannan.

Ran nan sai wasan da kansa ya ji tausayinmu. Akwai wani tsoho mai gemu da ke leƙowa a kusurwar allo yana ba da shawara da Faransanci. Ya ce a bayan tudun akwai ƙauye, a nan jajaye suka tara abincinsu. Ka zagaya da 'yan dawakai masu kibiyar wuta ka cinna wa ɗakunan hatsin. Dole su sauko a guje, sahu ya watse, ka gama da su a fili.

Na yi tsalle har na zubar da shayi. Na ce yauwa, ga hanya!

Mutari ya karanta har ƙarshe, ya jingina da bango, ya ce, "Wannan tsoho ba ya tsoron Allah."

Na ɗauka wasa yake. Na miƙa hannu zan karɓi suri, ya ɗora tafinsa a kai.

Ya ce, "Ba a ƙona hatsi."

Na ce, "Mushe, wane hatsi? Zane ne. Ko rumbu ba ne, wani ɗakin katako ne na Turawa."

Ya ce, "Me ke ciki?"

Na ce, "Alkama, ina ji."

Ya ce, "To."

Shi ke nan fa. To. Duk wanda ya san Mutari ya san wannan "to" ɗin, kuma ya san bayanta babu ƙofa.

Na bi ta kowace hanya. Na ce mutum nawa muka kashe a wasan nan ba ka ce uffan ba? Ya ce waɗannan soja ne, da ƙafarsu suka fito. Na ce in an kashe na'urar an sake kunnawa, hatsin yana dawowa daram. Ya ce, "Ni dai hannuna ba zai iya ba, Lawali. In idona ya ga hatsi na ci da wuta, ranar ba na iya cin tuwo."

Na ce to kawo taka dabarar, sarkin yaƙin Dogo.

Sai ya ce ruwa.

Ya lura wasan yana tambayar mai kai hari kafin a fara: yau za ka yi, ko za ka jira gobe? In ka jira, sama tana canzawa. Ya kuma lura cewa in ana ruwa tsirkiyar baka tana saki, kibiya ba ta nisa kuma ba ta da ƙarfi. In maharban jajaye suka raunana, masu riƙe su ta gaba za su daɗe. Dabara ce mai kyau, ban hana ba.

Amma sau uku kawai ake yarda ka jira, na huɗu dole ka yi yaƙi. Kuma ƙasar nan tasu ta cikin wasa, wallahi kamar Damagaram aka kwafa. Jira, rana. Jira, rana. Jira, iska. Sai Mutari ya rufe wasan ya sake buɗewa. Tsohuwar na'urar nan kafin ta gama tashi ka yi alwala ka dawo. Ta tashi, a jira sau uku, babu. A sake. Can an kusa, sai masu wuta su ɗauke kuran, batirin kuma bai fi na shan shayi ɗaya ba.

A waje ana jiran ruwa, a zaurena ana jiran ruwa. Rabi ta ce ko za mu fita da ordinater ɗin filin roƙo a haɗa da ita.

Kuma ranar da ruwan ya zo, kun san abin da bawan Allahn nan ya yi?

Bai yi yaƙi ba.

Allo ya yi duhu, aka yi tsawa, ruwa ya kece a kan tudu da kurmi da sojanmu. Na ce yauwa, bisimilla, tura masu garkuwa! Sai ya ƙara murya har ƙarshe ya ce in yi shiru. Ya zauna ya zuba wa allo ido, hannu a haɓa. Ya ce, "Ji yadda yake sauka. Wannan in a Dogo ne, gobe shuka."

Yana nan yana kallo aka ɗauke kuran.

Na rantse da a ce ina da ƙarfinsa da ranar na jefa shi waje ta kan katanga.

Bazara ta yi nisa, zafi kamar a gasa mutum, yunwa kuma ta kai inda ta kai a ƙauyuka. Ni gaskiya a rediyo nake jin ta, da kuma bakin Rabi in ta dawo daga kasuwa. Mutari duk ƙarshen wata yana ɗaure buhun hatsi a bayan moto ya tafi Dogo ran Asabar, ya dawo Lahadi.

Wata Asabar da ya tafi, na zauna ni kaɗai da na'ura. Tsohon nan mai gemu ya leƙo. Na dube shi, ya dube ni.

Na zagaya da 'yan dawakai ta bayan kurmi. Kibiya uku, wuta ta kama. Jajayen nan da suka shafe wata biyu suna raina mana hankali sai ga su suna gangarowa a guje, ba sahu ba tsari, masu mashi can, maharba can. Na bi ta kansu da dawakai. Ko rubu'in awa ba a yi ba farin dokin ya faɗi.

Na yi ihu har maƙwabta suka aiko a ji ko lafiya.

Wasan yana iya maimaita maka yaƙin da ka yi, ka kalla kamar sinima. Lahadi bayan la'asar na ji ƙarar motonsa a ƙofa. Ban bari ya gama sallama ba. Ban tambaye shi mutanen gida ba. Na kamo hannunsa na ce zo ka ga yadda ake yaƙi.

Na kunna masa. Na matso da hoton kusa da ɗakunan hatsin don ya ga wutar da kyau. Har murya na ƙara, don a ji yadda take ci.

Bai zauna ba. A tsaye ya kalla har ƙarshe.

Ya ce, "Sannu da aiki."

Ya juya ya fita. Shayin da na zuba masa yana nan har ya huce.

Daga ranar bai sake taɓa surin nan ba.

Kar ku ɗauka gaba muka yi, a'a. Shi ya yanka ragon sunan 'yata ta biyu. Gyaɗar Rabi ba ta fasa zuwa ba, sai a shekarun da babu. Yana zuwa zaure mu sha shayi mu yi gardamar ƙwallo. In na jawo na'ura sai ya ce yana da takardun aikin yara da zai gyara. Bai taɓa ta da maganar ba. Ni ne ma nake ta da ita da tsokana, ina ce masa sarkin yaƙi mai jiran hadari. Sai ya yi murmushi kawai.

Rabi ta ce, "Ka je ka ba shi haƙuri mana."

Na ce a kan me? A kan alkamar zane? In tsaya gaban mutum da gemuna in ce ka yafe mini na ƙona hoto?

Amma na ga fuskarsa ranar nan. Na san na taɓa wani abu, ban dai san mene ne ba, kuma girman kai ya hana ni tambaya.

Bara ciwon ƙoda ya kwantar da shi. Na ɗauki tsohuwar na'urar na kai masa gida, na ce tana cin mini wuri. Wurin da muka ajiye wasan kafin yaƙin tudu yana nan, ban goge ba. Ya dube ni, ya dubi na'urar, ya ce a ajiye masa ita kusa da filo. A raina na ce ai wannan ma ban haƙuri ne. Ƙarya nake wa kaina, na sani.

Ganinmu na ƙarshe, yau kwana goma sha takwas, ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci. Tun a hanya nake maimaita kalmomin nan uku.

Na same shi kwance a tabarma, hannuwa sun kumbura, amma ido tar. Ko gaisuwa bai bari mun gama ba ya ce, "Na gano su. Hannuna ne ba ya riƙe suri. Kai ka riƙe, ni in yi magana. Amma ka rantse ba za ka je bayan tudu ba."

Na rantse.

A jira na biyu ruwa ya sauko. Wannan karon bai tsaya kallo ba.

Ya ce in kai masu garkuwa gindin tudu, daidai inda kibiya ke iya kaiwa, su riƙa tafiya hagu da dama ba tare da sun hau ba. Jajaye suka yi ta harbi, kibiya tana faɗuwa a garkuwa kamar tsakuwa. Muka bar su suna ta ɓarna har kwarinsu ya ƙare. Wata biyu muka yi a zaurena, ban taɓa tunanin kibiyarsu tana ƙarewa ba.

Ya ce in ɓoye manyan dawakai a kurmi, kar su motsa. Ya ce in tura ƙananan su je har bakin turaku su yi harbi su gudo. Da maharbansu ba su da abin ramawa, sai rabin masu mashi suka fusata suka biyo su har ƙasa, cikin taɓo. Dakarunmu suka tare su suka riƙe.

Saura rabin a sama, da farin doki. Ya ce, "Yanzu za su ga 'yan'uwansu na shan wuya, za su sauko taimako. In sun wuce turakunsu, sarkin yaƙi ya rage shi kaɗai. Sannan ka saki na kurmi. Ba yanzu ba. Jira."

Na ga sun fara motsi.

"Jira, Lawali."

Na ga gefen farin dokin a buɗe.

"Lawali, jira!"

Na saki.

Ba su riga sun wuce turaku ba. Suka juya kawai suka kafa masu. Dawakan Birni suka sake zuwa lahira, dakaru suka ga haka suka watse.

Mutari ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. Matarsa Hadiza ta shigo da ruwa a guje, ta ce, "Yanzu fisabilillahi, Malam Lawali, dubiya ka zo ko yaƙi?"

Da ya samu numfashi ya ce, "Ƙirga goma ya rage maka. Goma kacal, ɗan Birni."

Ni kuma maimakon in yi dariya sai na hau. Na ce surin ne ke zamewa a tabarma. Na ce da mun bi ta bayan tudu da tuni muna shan shayi. E, haka na ce wa mara lafiya, da bakin nan da na zo ban haƙuri da shi.

A bakin ƙofa na juyo. Wallahi sun zo har kan harshena. Sai ya riga ni, ya ce, "Juma'a mai zuwa ka dawo mu gama da su."

Na ce to.

Juma'a mai zuwa sarwis ya tura ni Takieta. Ta bayanta kuma an riga an tafi da shi Dogo, wai yana son ya kwanta a ɗakin mahaifiyarsa. Na ce ƙarshen wata zan je.

Yau na je.

Duk hanya gero na tsaye iya gwiwa, ganye ya naɗe. Bana ma sai addu'a.

Da aka yi masa sallah liman ya ce jama'a a yafe masa. Na fi kowa ɗaga murya: mun yafe. Amma ni me zan yafe? Ni ne mai nema, kuma wanda zai amsa mini yana kwance a gabana cikin likkafani.

Bayan an dawo daga maƙabarta na je na durƙusa gaban mahaifinsu. Tsoho ne tukuf, ido ya tafi. Habu ya sunkuya ya ce, "Baba, Lawali ne na Birni."

Tsoho ya ce, "Mai ƙona rumbu?"

Jama'a, a gaban mutane.

Ashe duk gidan da sunan nan suka san ni. Na dubi Habu. Ya kama hannuna ya zagaya da ni bayan gida, inda rumbunansu suke.

Ya ce, "Ka tuna wata Lahadi, shekarar anza, da ya dawo daga nan ya biya ta wurinka?"

Na ce na tuna.

Ya nuna mini wani ƙaramin rumbu a gefe. Ya ce, "Nan Baba ke ajiye iri. Duk kaka shi da kansa yake zaɓen zangarniya mafi kyau ya ɗaure daban, tun daga kakanmu irin nan yake. Ko mu ba ma taɓawa. To a shekarar nan buhun da Mutari ke kawowa ba ya kai mu ko'ina, mun yi yawa. Ranar da safe yara sun kwana biyu ba abin kirki. Baba ya hau da kansa ya sauko da dammunan iri, ya miƙa wa mata ya ce a sussuka."

Ya ce, "Da aka fara daka sai ya zauna nan, gindin rumbun nan, yana kuka. Ba mu taɓa ganin hawayensa ba sai ranar. Mutari bai ci tuwon ba. Ya hau moto ya ce zai je wurin Lawali ya huce."

Wurina ya zo ya huce.

Ni kuma na kamo hannunsa, na matso masa da wuta kusa, na ƙara murya.

Na ce wa Habu, don Allah me ya hana shi gaya mini? Shekara nawa!

Ya ce, "Na tambaye shi. Ya ce, Lawali bai sani ba, ɗan Birni ne, a tiya ya san hatsi. In na faɗa masa kunya za ta hana shi zuwa gidana, ni kuwa ina son zuwansa."

Kun ji mutumin da nake gaya muku.

Mutari, wannan wace irin ɗabi'a ce? Ka zage ni mana! Ka ce Lawali kai jaki ne, ga abin da na baro a gida. Da a ranar na durƙusa, da an wuce wurin. Sai ka haɗiye, ka yi ta kawo gyaɗa, ka yanka mini rago, ka bar ni ina ce maka mai jiran hadari shekara da shekaru kana murmushi. Ka ba dukan Dogo labari, ni kaɗai ka hana. Haushinka nake ji, wallahi haushinka nake ji, kuma na rasa inda zan kai shi.

Na koma wurin tsoho na sake durƙusawa. Na ce, "Baba, ban samu na roƙe shi ba. Ku yafe mini a madadinsa."

Ya lalubo kaina ya dafa. Ya ce, "Ya daɗe da yafewa, yana ba mu labarin yana dariya. Kai dai kar ka sake."

Na ce ba zan sake ba, Baba.

Hadiza ta ce in an share makoki in je in ɗauki na'urar, tana nan kusa da filonsa. Zan ɗauko. Jajaye suna nan kan tudunsu. Zan jira ruwa ko sau nawa ne, in ƙarar musu da kibiya, in jawo su taɓo, in ƙirga goman nan da ƙarfi yadda maƙwabta za su ji. Bayan tudu kuwa ko doki ɗaya ba zai taka ba.

Mutari, ka yafe mini. Ga su nan, na faɗa, a gaban kowa, a makare.

Ya Allah, ga bawanKa Mutari ya zo. Ka san hannunsa bai iya ɓarna ba ko a hoto. Ka yafe masa kurakuransa, Ka yalwata masa makwanci, Ka sanyaya shi, Ka sa Aljanna ce gidansa. Ka ba Baba da Hadiza da yara da Habu juriyar rashinsa. Mu da muka rage, Ka sa mu cika da imani, kuma Ka ba mu bakin neman gafara tun masu amsawa suna ji.

Duk wanda ya karanta har nan, don Allah kar ka wuce haka. Ka tsaya ka yi masa addu'a, ko ba ka san shi ba. In ka ɗaga hannu kuma ka haɗa da roƙon ruwa. Geron Dogo bai wuce gwiwa ba, kuma irin bana duk yana cikin ƙasa.